Igiya da Ƙulli a Farautar Kan Bishiya

1.0 Gabatarwa

A darussan da suka shafi sana'o'in gargajiya an saba kallon farauta ta fuskar tarihinta da sarautunta da makamanta da kirarin mafarauta. Wannan darasi zai ɗauki wani ɓangare da ba a cika waiwaya ba, wato yadda maharbi yake tsare kansa daga faɗowa idan ya hau bishiya domin yin kwanto. Za a ɗauko misalin daga ƙasar Amurka, saboda a can ne wannan salon farauta ya bunƙasa har ya sami kayan aiki na musamman da rubutattun ƙa'idoji.

Dalilin kawo shi cikin kwas ɗin Hausa kuwa shi ne, aikin malamin Hausa bai tsaya ga nahawu da adabi ba. Akan buƙace shi ya bayyana aikin fasaha da harshen da ɗan ƙaramar sakandare zai fahimta, ya kuma samar da suna ga abin da Bahaushe bai taɓa sa wa suna ba. Igiya da ƙulli fage ne mai kyau na gwada wannan ƙwarewa, domin a nan idan kalma ta yi harshen damo, wanda ya bi bayanin yana iya wayar gari da karyayyen gadon baya.

2.0 Dalilin Hawa da Haɗarin da ke Cikinsa

Dabbar da aka fi farauta a Amurka ita ce wata irin barewa mai farar wutsiya, ana kuma farautarta ne a ƙarshen shekara, galibi daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sanyi ya fara shigowa. Dabba ce mai ƙarfin jin ƙanshi da saurin lura da motsi, shi kuwa mai kwari da baka sai ta matso kamar mita 20 zuwa 30 kafin ya sami harbi mai kyau. Saboda haka maharbi yakan hau bishiya, tsawon mita 5 zuwa 8, inda iska za ta ɗauke warin jikinsa ta sama, idon dabbar kuma ba ya yawan kai wa can. Wasu sukan kafa ɗan dakali na ƙarfe a jikin bishiyar su zauna a kai. Wasu kuma sukan rataya ne cikin wani mazauni na ƙyalle mai ƙarfi da ke kewaye ƙugu da cinyoyi, ƙafafunsu na dogare da wani ɗan matakali.

Mutum zai zaci bindiga ce babbar abin tsoro a farauta. A shekarar 2010 likitocin Jami'ar Jihar Ohayo sun fitar da nazarin mafarauta 130 da aka kawo asibiti da raunuka, sai aka tarar rabinsu faɗowa suka yi, kusan dukkansu daga kan bishiya, waɗanda harsashi ya sama kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Wanda ya faɗo daga mita 6 zai iso ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Wannan lokaci bai isa mutum ya miƙa hannu ya kama reshe ba.

Ya kamata ɗalibi ya lura da abin da ya bambanta maharbi da sauran masu hawa. Mai sassabe rassan bishiya a birni da rana yake aiki, da abokin aiki a ƙasa, yana iya ɗaga murya. Maharbi kuwa da asuba yake hawa cikin duhu, yatsunsa sun sandare da sanyi, shi kaɗai, ba ya son ƙarfe ya yi ƙara, ba ya son kaya mai nauyi, ga makami a tare da shi, wani lokaci ga gyangyaɗi bayan zaman awa huɗu ko biyar. Duk abin da farauta take so daga gare shi, kiyaye rai akasinsa yake so. Haka kuma, galibin faɗowa ba a lokacin zama take aukuwa ba. Tana aukuwa ne wajen hawa da sauka, musamman a takun da mutum yake tsallakawa daga matakala zuwa dakali. Daga nan ne babbar ƙa'idar wannan fanni ta fito: tun daga lokacin da ƙafa ta bar ƙasa har ta dawo, kada a sami ko daƙiƙa guda da mutum ba ya ɗaure da bishiyar.

3.0 Igiya

Bahaushe ba baƙon igiya ba ne. Yana tufka ta da rama da kaba da ɓawon kuka da na kalgo, yana da igiyar guga da ta dabaibayi da ta talala da tsirkiyar baka. Duk waɗannan tufkakku ne, wato an murɗa silla biyu ko uku a juna, kowace silla tana waje tana gogar duk abin da igiyar ta taɓa. Igiyar hawa ta zamani ta sha bamban. Bayan da kamfanin DuPont ya samar da zaren nailan a 1935, kamfanin Edelrid na Jamus ya fito a 1953 da igiya mai ɓargo da riga: zaruruwan ciki su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, saƙaƙƙiyar rigar waje kuma tana kare su daga guga da datti. Irin wannan ce ake hawa da ita har yau.

Ana auna ƙarfin igiya da ma'aunin kiloniyutan, wanda ake taƙaitawa da haruffan kN. Kiloniyutan ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 102 a rataye. Ke nan mutum mai kilo 90 da ya rataya shiru bai kai kiloniyutan ɗaya ba. To me ya sa ƙa'idar masu aikin bishiya ta Amurka ta ce igiyar hawa kada ta gaza kiloniyutan 24, wato kusan tan biyu da rabi? Amsar tana cikin bambancin rataya da fizga. A ɗauka wannan mutum mai kilo 90 ya bar sako-sako a igiyarsa, ya zame ya faɗo santimita 60 kacal, igiyar kuma ta tsayar da shi cikin santimita 10. Matsakaicin ƙarfin da zai bugi igiyar da ƙugunsa zai ninka nauyinsa sau bakwai, wato ya haura kiloniyutan 6, kamar a ce an ɗora masa kilo 630 a lokaci guda. A ƙa'idar ma'aikata ta Turai kuwa, kiloniyutan 6 shi ne iyakar fizgar da aka yarda ta sami jikin mutum. Ashe faɗowar da ba ta kai tsawon kamu biyu ba ta isa ta kai mutum bakin iyaka.

Wannan lissafi yana bayyana abu biyu. Na farko, rarar ƙarfin da ake nema a igiya ba almubazzaranci ba ne, domin ƙulli yana rage ƙarfinta, tsufa yana ragewa, jiƙewa ma tana rage ƙarfin nailan. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, igiyar da maharba suke amfani da ita irin marar miƙewa ce. Masu hawan dutse suna da igiya mai miƙewa wadda take shanye fizga kamar roba, amma ba ta da daɗin zama a rataye domin tana lilo da mutum. Maharbi ya zaɓi marar miƙewa don ya tsaya cik wajen harbi, sai ya zama wajibi a kansa kada ya bar sako-sako ko kaɗan. Igiyarsa an yi ta ne don ta hana shi fara faɗowa. Idan ya bari ya faɗa mata, ko ba ta tsinke ba shi zai ji a jikinsa.

4.0 Tsarin Igiyoyi da Matsalar Sa Musu Suna

Maharbin da yake rataya yana amfani da igiyoyi uku da ransa ya dogara a kansu, da kuma ta huɗu ta jan kaya. A nan ne aikin malamin Hausa yake farawa, domin babu ɗaya daga cikinsu da take da suna a Hausa.

A fara da mazaunin kansa. Turawa suna kiran sa da kalmar da take nufin sirdi. Idan aka fassara kai tsaye aka ce sirdi, ɗalibi zai hango abin da ake ɗorawa a kan reshe a hau shi, alhali mutum a cikinsa yake reto. Abin da ya fi kama da shi a gidan Bahaushe shi ne ragaya, wadda ake rataye ƙwarya a cikinta. Saboda haka a wannan darasi za a kira shi ragayar zama. A gabanta akwai wata gajeriyar igiya da ta haɗa ƙugun dama da na hagu, wadda sunanta na asali yake nufin gada. Kalmar gada kuwa a rubuce ba ta bambanta abin tsallake ruwa da dabbar dawa, sai karin sauti ya raba, ga shi kuma ana cikin zancen farauta. Kadarko ya fi dacewa, tun da ba shi da wannan ruɗani.

Igiya ta farko ita ce wadda take fitowa daga ƙugun dama, ta zagaya bayan bishiya, ta dawo ƙugun hagu. Da ita ake hawa: mutum ya jingina baya, ya cilla ta sama kaɗan, ya taka, ya sake cillawa, hannuwansa biyu a sake. Ana iya kiran ta igiyar runguma. Wanda ya taɓa ganin masu hawan kwakwar manja a kudancin Nijeriya da zoben da suke kewaye kansu da bishiya da shi, ya ga wannan dabara. Ya kamata a san iyakarta. Tana riƙe mutum ne muddin ya jingina ta ɗame. Idan ƙafafu biyu suka zame a kan bishiya mai santsi, yana iya sulalowa da ita.

Ta biyu ita ce wadda ake zarga wa bishiya daidai kai ko sama da shi kaɗan, a haɗa ta da kadarko, mutum ya saki nauyinsa a kanta. Sunan da zai fara zuwa bakin Bahaushe shi ne talala, tun da Turawa ma sunan igiyar ɗaure dabba suka ba ta. Amma talala a Hausa tana ɗauke da ma'anar sakin igiya da tsawo domin dabba ta yi kiwo, har akan ce an yi wa mutum ɗaurin talala idan an bar shi yana yawo alhali ba a sake shi ba. Wannan ma'ana ta sako-sako ita ce ainihin abin da ake gudu. Don haka an zaɓi igiyar rataya.

Waɗannan biyu suna aiki ne a karɓa-karɓa. Idan mai hawa ya iso reshe, igiyar runguma ba za ta wuce ba sai an kwance ta. A nan ne gaggawa take kashe mutane. Tsarin shi ne a fara zarga igiyar rataya a saman reshen, a haɗa ta, a saki nauyi a kanta a tabbatar ta riƙe, sannan a kwance ta runguma a mayar da ita sama. Malamin da zai rubuta wannan bayani ya kula da kalmomin jerantawa irin su "da farko" da "sannan" da "kafin" da "sai bayan". Jimlar "a ɗaura wannan a kwance waccan" ba ta wadatar ba, domin mai karatu yana iya ɗauka ko da wanne aka fara daidai ne.

Ta uku ta masu kafaffen dakali ce. Doguwa ce, ana ɗaure ta a saman dakali ta sauko har gindin bishiya, mai hawa ya maƙala kansa da ita tun yana ƙasa. Igiyar tsira ya dace da ita. Masu dakali kuma ba ragaya suke sawa ba, ɗamara ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, mai maɗauri a tsakanin kafaɗu ta baya. A da bel ɗaya ake ɗaurawa a ƙugu, sai aka ga idan mutum ya faɗo bel ɗin yakan zame ya shaƙe ƙirji, ko ya juya shi kai ƙasa. Tun daga 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera dakalin bishiya ta Amurka suke haɗa ɗamarar jiki duka da kowane dakalin da suka sayar.

Igiyar jan kaya ba ta buƙatar dogon bayani. Ba a hawa da makami a hannu ko a kafaɗa. Ana barin sa a ƙasa a ɗaure, sai an zauna an kimtsa a jawo shi kamar guga, bindiga ba harsashi a ciki, bakinta yana kallon ƙasa.

5.0 Ƙulli, Haɗi, Ɗauri da Zarge

A maganar yau da kullum Bahaushe yakan musanya "ƙulla" da "ɗaura" ba tare da wata matsala ba. A bayanin fasaha ya fi kyau a ware wa kowace kalma aikinta. Shawarar wannan darasi ita ce a bar ƙulli ga abin da igiya ta yi a jikinta, wanda zai zauna ko ba a jikin komai yake ba. Haɗi ga sadar da baki biyu. Ɗauri ga abin da yake buƙatar wani abu ya naɗe, wanda zai warware idan an zare abin. Zarge kuma ga madauki mai tsukewa idan an ja.

Ƙullin da aka fi dogara da shi wajen yin madauki a bakin igiya shi ne mai siffar lamba 8. Ana ninka bakin igiyar, a zagaya da shi bayan doguwar, a dawo a cusa ta ramin farko. Ba don ya fi kowane ƙulli ƙarfi aka fifita shi ba, domin shi ma yakan cinye kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin igiya. An fifita shi ne saboda idan an yi shi ba daidai ba ido yana ganewa nan take, ko da hasken 'yar tocila ne. Akwai wani sanannen ƙulli na matuƙan jirgin ruwa, bolin, mai sauƙin kwancewa bayan ya ɗauki nauyi. Wannan sauƙi shi ne aibinsa a nan, domin idan igiya mai tauri ce kuma ana ta girgiza shi ba nauyi a kai, yakan saki da kansa. Ko wanne aka yi, dole a daidaita sillayen kada su hau juna, a ja kowane baki a ɗame, a kuma bar wutsiya da ba ta gaza kaurin igiyar sau goma ba. Igiya mai kaurin milimita 11 ke nan wutsiyarta ta kai santimita 11 ko fiye.

Ƙullin da kowa ya iya, wanda ake ɗaure ƙunshin kaya da shi ta hanyar ɗora dama kan hagu sannan hagu kan dama, ba shi da wuri a nan. Idan aka ja ɗaya daga bakinsa ta wata fuska, yakan kife ya zame gaba ɗaya.

Zarge kuwa yana da wuri ɗaya tak, wato jikin bishiya. Ana zagaya igiyar rataya a bayan bishiya, a zura ɗaya bakin cikin madaukin, a ja ta tsuke; gwargwadon nauyi gwargwadon kamu. Halin da ya sa ya dace da bishiya shi ne ya haramta shi a jikin mutum. Wanda ya zarga igiya a ƙugunsa ko ƙirjinsa ya faɗo, abin da tarko yake yi wa zomo shi zai same shi.

Ɗaurin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne furusik, wanda ya samo suna daga Karl Prusik, wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Ostiriya da ya bayyana shi a 1931. Ana samun siririyar igiya a haɗa bakinta biyu ta zama zobe, a naɗa zoben sau uku a jikin babbar igiya, kowane zagaye yana bi ta cikin kansa. Idan babu nauyi, ana iya tura shi sama ko ƙasa da yatsu. Da zarar nauyi ya hau, sai naɗin ya ciji babbar igiyar ya tsaya. Da shi ne maharbi yake rage tsawon igiyar rataya ko ƙarawa, da shi ne kuma mai dakali yake bin igiyar tsira daga ƙasa har sama.

Sharuɗɗansa suna da yawa, kuma kowanne yana da dalili. Dole siririyar ta fi babbar siranta sosai, kamar milimita 7 a kan 11, domin idan kaurinsu ya zo ɗaya ba za ta lanƙwasa ta ciji ba. Dole a gwada shi da nauyin jiki ana tsaye a ƙasa, saboda sabuwar igiya tana da santsi, jiƙaƙƙiya ko wadda ƙanƙara ta kama ma haka. Ba kowane zare ne ya dace ba. Zaren Dyneema, wanda maharba suke so saboda ƙarfinsa da rashin nauyinsa, yana da santsi, yana kuma narkewa a zafin da bai kai digiri 150 ba, alhali nailan sai ya haura 200. Idan furusik ya ɗan zame da nauyi a kai, gugar tana haifar da zafin da zai iya cin irin wannan zare. Sannan akwai sharaɗin da ya saɓa wa ɗabi'ar ɗan'adam: wanda ya ji zai faɗi, abin da ke gabansa yake damƙa, idan kuwa ya damƙe furusik a tafin hannunsa ya hana shi cizo, sai su sulalo tare. Saboda haka ake koya wa mai hawa ya riƙa tura shi daga ƙasansa ko samansa, kada ya rufe shi da hannu.

Abu na ƙarshe ƙarami ne har ana mantawa da shi. A ƙarshen igiyar rataya dole a yi ƙullin toshiya, domin idan mutum yana ta sassauta furusik yana neman kusurwar harbi, idonsa na kan dabba, zai iya zare shi ta bakin igiyar bai sani ba.

6.0 Karabina

Abin da yake haɗa furusik da kadarko wani zoben ƙarfe ne mai ƙyaure, wanda sunansa ya samo asali daga Jamusanci, daga ƙugiyar da sojoji suke rataya gajeriyar bindiga da ita. Ana iya aro sunan a ce karabina, ko a siffanta a ce ƙugiya mai ƙyaure. Aron ya fi, domin ƙugiya a tunanin Bahaushe buɗaɗɗiya ce.

A jikin kowace karabina ta gaskiya akwai lambobi uku a zane. Ta farko ƙarfinta ne idan an ja ta ta tsawo ƙyaure a rufe, wanda a ƙa'idar Turai ta masu hawa ba ya gaza kiloniyutan 20 ga irin da aka saba amfani da ita. Ta biyu ƙarfinta ne idan an ja ta ta faɗi, wanda ƙa'idar ta tsayar a kan 7. Ta uku kuma idan ƙyauren a buɗe yake, shi ma bai wuce wannan da yawa ba. Wato juyawar da karabina za ta yi a kan kadarko ta kwanta a gicciye ta isa ta zubar da kashi biyu cikin uku na ƙarfinta, ya dawo daf da fizgar da aka lissafa a sama. Shi ya sa ake duban ta duk lokacin da za a saki nauyi, shi ya sa kuma ba a zagaya igiya a bishiya a maƙala karabina a matsayin zarge, domin jikin bishiyar zai danne ta ta gefe yana neman lanƙwasa ta.

Dole ƙyauren ya zama mai kulle. Akwai mai murɗawa da hannu, akwai mai kulle kansa. Mai murɗawa yana buƙatar a tuna, guga da tufafi kuma tana iya warware shi. Ƙa'idar masu aikin bishiya ta Amurka ta wajabta mai rufe kansa ya kuma kulle kansa. Ƙananan da ake sayarwa don rataya makulli ko gorar ruwa siffar kawai suka ɗauka, ba su da waɗannan lambobi. Wasu maharba sukan naɗe karabina da tef don kashe ƙara; wanda zai yi haka ya tabbata bai rufe ƙyaure ba, bai kuma ɓoye wurin da tsaga za ta bayyana ba.

7.0 Bayan Igiya Ta Riƙe

Idan mai dakali ya faɗo ɗamara ta riƙe shi, bai tsira ba tukuna. Rataya ba motsi tana sa jini ya taru a ƙafafu, maɗauran cinya suna matsewa, mutum yana iya suma, suma a tsaye kuwa tana iya kai wa ga mutuwa. Don haka ɗamarar takan zo da wani ɗan madauki da ake sakowa a taka a miƙe tsaye, a riƙa motsa ƙafafu har a sami komawa kan matakala. Wannan ne ma ya sa ake ɗaure maɗaurin baya a sama sosai, yadda ko an zame ba za a wuce dakalin ba. Waya da usur su kasance a aljihun da hannu zai kai ana rataye, a gida kuma a san bishiyar da aka nufa da lokacin dawowa.

Kayan su ma suna mutuwa a hankali. Rana tana cin zare, ruwan batir yana ƙona nailan ba tare da alama ba, kurege yana gwaguyar maɗaurin da aka bari a dawa, bishiya kuma tana ƙara kauri tana ɗame shi shekara bayan shekara. Ana bin igiya da yatsu daga baki zuwa baki ana neman wuri mai laushi ko mai tauri ko mai ƙyalli. Wadda ta taɓa tare faɗowa ta gama aiki. Kamfanoni da yawa sun sa shekara 10 a matsayin iyakar rayuwar kayan zare ko ba a taɓa amfani da su ba. Abin lura shi ne, sabon shiga yakan duba komai sau biyu saboda tsoro, tsohon hannu ne yake cewa ai jiya ma da ita ya hau. Sabo turken wawa. Bishiyar ma ana duba ta: a zaɓi rayayyiya, miƙaƙƙiya, a ɗaga kai a ga ko akwai busasshen reshe a sama.

8.0 Alaƙar Darasin da Ajin Malami

Da wuya ɗaliban da malami zai koyar su taɓa riƙe karabina. Amma a cikinsu akwai masu hawa bishiya su rataya amya ko su sauko da zuma da dare, da masu hawa kuka ɗiban ganye, da masu sassabo wa dabbobi gawo da rani. Igiyar da take hannunsu ita ce ta rama ko ta roba mai launi da ake sayarwa a kasuwa. Ta rama tana ruɓewa daga ciki idan ta sha damshi. Ta roba rana tana busar da ita har ta riƙa zubar da gari, tana da santsin da ƙulli ba ya zama a jikinta, kuma babu wanda ya auna ƙarfinta. Duka biyun sun isa jan amya ko sauko da ƙwarya, amma malami ya faɗa wa ɗalibai ƙarara cewa ba a dogara da su wajen rataya mutum. Ya kuma bayyana musu cewa bayanin ƙulli a takarda bai isa a hau bishiya da shi ba, sai an koya a hannun wanda ya iya, a ƙasa.

Aikin Ɗalibi

Ɗalibi ya ziyarci mai tufkar igiya ko mai kiwon zuma ko makiyayi a yankinsu, ya tattaro sunayen ƙulle-ƙullen da suke yi da aikin kowanne, ya kuma nuna wanne ne ƙulli, wanne ne haɗi, wanne ne ɗauri, wanne ne zarge bisa rabon da aka yi a 5.0. Idan karin harshen yankin yana da wata kalma da ta fi waɗanda aka zaɓa a nan dacewa, ya kawo ta tare da hujja.

Bayan haka ya rubuta umarnin yin ƙulli mai siffar 8 cikin jimlolin da ba su wuce takwas ba, ba tare da zane ba. Ya miƙa wa abokin karatunsa takardar da guntuwar igiya, ya juya baya, kada ya ce uffan har abokin ya gama. Ya kawo wa malami takardar tare da ƙullin da abokin ya yi.